Yadda za ka gano abin da ke sa ka son aiki kafin ka shiga intabiyu

Akwai tambayar da kusan duk masu intabiyu sai sun yi ta, banki ne ko ƙungiyar agaji ko makarantar kuɗi: me ya sa kake son wannan aikin? Kuma a nan yaranmu suke zubewa wallahi, yaro ya zo da takardu masu kyau, ya gama bautar ƙasa, turancinsa ba laifi, amma da an zo nan sai ka ji "ina so in taimaki al'umma" ko "kamfaninku babba ne". Duk waɗanda suka shiga kafin kai haka suka ce. Maganar guge kaya da zuwa da wuri kam ba sai na faɗa ba.

Da farko ka samu takarda da biro, ba waya ba, waya saƙo ɗaya zai shigo shikenan ka tafi. Ka rubuta lokuta uku ko huɗu da ka yi wani aiki har lokaci ya wuce ba ka sani ba. Ba dole sai aikin ofis ba. Zaman shagon yayanka a Kantin Kwari da ka gyara masa littafin bashi, koyarwar da ka yi a ƙauye lokacin bautar ƙasa, kuɗin gyaran burtsatse da ka bi gida-gida ka tara, ke kuma 'yar'uwa adashen da kika riƙe shekara guda ba a samu rigima ba, duk aiki ne.

To ga inda mutane ke gajartawa, kuma nan ne aikin yake. Kowane ɗaya ka tambayi kanka, me ya min daɗi a ciki? Amsar farko kar ka yarda da ita, ka sake tambaya. Misali mutum uku sun koyar a makaranta ɗaya duk sun ce sun ji daɗi, amma na farko daɗinsa ranar da yaron da bai iya haɗa baƙi ba ya karanta layi guda, na biyu daɗinsa da shugaban makaranta ya damƙa masa tsara jadawali ya ga komai na tafiya daidai, na uku kuma shi tsayawa gaban jama'a ya yi magana a saurare shi ne ke burge shi. Waɗannan ai ba aiki ɗaya ya dace da su ba. Na farko mai horar da mutane ne, na biyu mutumin ofis ne da tsari, na uku a tura shi talla. Sannan ka juya takardar ka rubuta abin da ke kashe maka jiki, don wani in aka ce ya je ya roƙi mutane su buɗe asusu sai ya ji kamar zazzaɓi, alhali bankuna adadi suke yanka wa ma'aikacin talla ya kawo.

Na san abin da ke riƙe mu, kunya. An tashe mu da cewa yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne, amma faɗin abin da ka yi da hannunka ba yabon kai ba ne, bayani ne aka tambaye ka. In ka rasa ta cewa ka tambayi maigidan da ka taɓa yi wa aiki, ko Hajiyarku, wane aiki ne ba a taɓa tuna maka sau biyu ba. Za su faɗa maka nan take.

Batun kuɗi kuma kar ka yaudari kanka. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, kowa ya san inda take tsayawa a kasuwa, masu intabiyun ma don albashi suka fito. Sai dai kuɗi dalilin neman kowane aiki ne, su kuma dalilin neman nasu suke tambaya. Ka lissafa haya, kuɗin mota da abin da za ka tura gida, ka ajiye adadin a ranka sai sun tayar da maganar.

Daga nan ka ɗauko tallar aikin ka karanta ayyukan da aka jera, ka ɗora a kan takardarka. In aikin shiga ƙauyukan Borno ne kullum kai kuma zaman kwamfuta ke maka daɗi, ka sake tunani tun kafin ka kashe kuɗin mota. Kuma don Allah kar ka ba kowa ko sisi wai zai sayar maka da amsoshi ko gurbi.

Sai haɗa amsar: dalili ɗaya, labari ɗaya daga takardarka, sai ka nuna inda ya haɗu da aikinsu, kar ta wuce minti ɗaya da rabi. Ka fara tsara ta da Hausa sannan ka mayar turanci in da turanci za a yi, ka naɗi muryarka a WhatsApp ka saurara, amma kar ka haddace, hadda ana tambaya ta biyu take warwarewa. In sun ce kana da tambaya, ka tambaye su aikin da za ka fi yi a watanni ukun farko.