Yadda ɗalibi zai rubuta darasin kalkulas a kwamfutar hannu

Kalkulas, reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke canzawa, darasi ne da kusan rabin bayaninsa alamomi ne da zane, shi ya sa buga shi da madannan kwamfuta yake gajiyar da ɗalibi, domin kafin ya lalubo alamar ∫ ko ya jera dy/dx yadda ya dace, malami ya riga ya goge allo ya shiga wani misalin. Waɗannan alamomi, waɗanda masanin lissafi Leibniz ya fara amfani da su a rubuce-rubucensa na 1675, an ƙirƙire su ne don alƙalami. Saboda haka amfanin kwamfutar hannu, wato tablet, a wannan aji ya rataya ne a kan alƙalaminta, kuma wadda ba ta da alƙalami mai kyau ba ta kai littafin rubutu ba.

Tun kafin ranar darasi ya kamata a gwada alƙalamin, ko Apple Pencil ne ko S Pen ko waninsu, a tabbatar cewa na'urar ba ta ɗaukar taɓin tafin hannu a matsayin rubutu, tunda ba mai iya yin awa guda yana lissafi hannunsa na shawagi. A zaɓi manhaja ɗaya a tsaya a kanta. GoodNotes, Notability, OneNote da Samsung Notes duk suna biyan buƙata, kuma yawan sauya su ɓata lokaci ne kawai. Shafi mai ƙananan murabba'ai ya fi mai layuka, saboda yana taimakawa wajen zana giraf da daidaita alamun daidai a ƙarƙashin juna. A cika caji, a kashe sanarwar saƙonni, idan kuma malami ya raba takardun darasi a matsayin PDF, a sauke su tun a gida don a yi rubutu a kansu.

Babban aikin yana cikin aji, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. Abin da malami yake rubutawa a allo matakan lissafi ne, amma dalilin kowane mataki da baki yake faɗinsa, kuma wannan dalilin shi ne ke ɓacewa idan an koma ɗaki. Dabarar ita ce a raba shafi biyu, a bar kashi biyu cikin uku na hagu ga lissafin, a keɓe na dama ga dalilai da wata kalar tawada. A ɗauki misalin y = sin(x²). A hagu za a rubuta u = x², sannan dy/du = cos(u), sannan du/dx = 2x, har a kai ga 2x·cos(x²). A dama kuwa, daura da layin farko, sai a rubuta cewa an ware x² ne saboda yana zaune a cikin wani aikin lissafi (sin), wato wurin da ake buƙatar ƙa'idar sarƙa (chain rule). Bayan mako uku, wannan gajeriyar jimla ta fi layukan hagu duka amfani. Kala biyu ko uku sun wadatar, domin wanda ya tsaya zaɓen kaloli bakwai ado yake yi, darasin kuma yana wuce shi.

A wajen zane ne na'urar ta fi takarda nesa ba kusa ba. Idan ana bayanin yadda layin da ya ratsa lanƙwasa a wuri biyu yake komawa layin da ya taɓa ta a wuri ɗaya, sai a zana y = x² sau ɗaya, a kewaye zanen, a kwafe shi sau uku, a riƙa matso da ɗigo na biyu kusa da na farko a kowane kwafi. Ganin zanen uku a jere yana nuna ma'anar iyaka (limit), wato inda abu yake ta kusantowa, fiye da dogon bayani. Manhajojin zana giraf irin su Desmos da GeoGebra suna da kyau wajen tabbatar da zane, sai dai a bar su sai bayan aji, a fara zanawa da hannu tukuna.

Ɗaukar hoton allo yana da daɗi, amma hoton da hannu bai bi matakansa ba da wuya ya zauna a kai. A yi shi kawai idan malami zai goge abin da ba a gama ba, sannan a sake rubuta shi a ranar. Wasu manhajoji, irin su Notability, suna naɗar murya tare da rubutu, ta yadda taɓa layi zai kai mutum ga abin da aka faɗa a lokacin. Wannan sai da izinin malami.

Santsin gilashi yana lalata rubutu, kuma a kalkulas ƙaramin lalacewa babbar matsala ce. A bambanta x da alamar sau, a bambanta t da +, a kula kada alamar ragi ta shige cikin layin kasawa, kuma kada a manta da dx ko + C a ƙarshen ∫. Haka nan yawan faɗaɗa shafi yana ɓoye layukan sama, har mutum ya kwafi lamba ba daidai ba. Idan an yi kuskure a lissafi, gara a ja masa layi a rubuta dalilinsa a gefe maimakon a share shi da maɓallin komawa baya, tunda kuskuren da aka share shi ne aka fi maimaitawa.

Bayan darasi, a rufe amsoshin misalan da wani zane mai duhu, a sake warware su a sabon shafi, sannan a buɗe a gwada. A sa wa kowane darasi kwanan wata da sunan maudu'i, a kuma adana kwafinsa na PDF a ma'ajiyar intanet kowane mako. Da yake a makarantu da yawa da takarda da biro ake rubuta jarrabawa, ya dace a riƙa warware wasu tambayoyin a takarda, inda babu faɗaɗawa kuma babu maɓallin komawa baya.