Yadda Za Ku Kafa 'Yan Sa-kai Na Kashe Gobara A Unguwa

Tun da Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, mu mutanen Jos muka san wuta ba ta jiran motar kwana-kwana. Ga yadda muka yi a layinmu.

Ku fara da mai unguwa da liman, su ne za su tara matasa. Mutum goma sun isa, amma lallai a samu mai gyaran lantarki a ciki, shi zai fara yanke wuta. Ku ajiye duro biyu na ruwa da bokitan yashi a ƙofar masallaci. Gobarar fetur ko man girki, kul aka zuba mata ruwa! Sai yashi ko jiƙaƙƙen bargo. Da hunturu, lokacin da ake kwana da garwashi a ɗaki, ku raba kwanan gadi. Lambar kiran gaggawa ta 112 kuwa, kowa ya haddace ta.