Yadda za ka ci moriyar asibitin sha-ka-tafi

Asibitin sha-ka-tafi ba ya kwantar da majinyaci. Yaron da ke jijjiga, mai cikin da jini ya ɓalle mata, ko wanda numfashi ke gagara, a wuce da su babban asibiti kai tsaye.

Sauran kuwa, a yi sammako, domin layin yankar kati ne ke cin lokaci, ba ganin likita ba. Ka adana lambar katin, ita ce ake nemo fayil ɗinka da ita. Tafi da kwalayen magungunan da kake sha. "Wani farin ƙwaya" ba bayani ba ne.

Idan awon sukari na safe za a yi, kada ka ci komai na awa 8, amma ruwa ba laifi. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kan fito cikin minti 15 zuwa 20. In an ba ka Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyun bayan awa 8, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Mutane kan daina a rana ta biyu da jin sauƙi, shi ya sa zazzaɓin ke dawowa.

In an tura ka gaba, karɓi takardar turawa kafin ka fita.