Yadda ake warware babbar lamba a gano irinta

Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO a makarantun lesin na Tudun Wada da Kawo sukan daskare idan aka ba su lamba kamar 48,972 aka ce su fito da abubuwan da ke raba ta. Aikin na bin tsari ne, daga ƙaramin mai rabawa zuwa babba, ba tsallake.

Fara da duba lambar ƙarshe. Tunda 2 ce, lambar cika ce, ba mara ba. Kuma ba sakamakon wata lamba sau kanta ba ce, domin irin wannan sakamako ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Raba ta da 2, ka sami 24,486. Sake rabawa, 12,243. Nan da yawa ke tuntuɓe: su raba sau ɗaya su wuce, alhali sai an ci gaba da mai rabawa ɗaya har ya ƙi shiga.

Sai 3. Haɗa lambobin da ke cikin 12,243, wato 1, 2, 2, 4 da 3, jimla 12. Uku na shiga 12, tara ba ta shiga, don haka sau ɗaya za a raba: 4,081. Biyar ba ta da wuri, tunda ƙarshen ba 0 ko 5 ba ne. Bakwai ba ta bin dabarar tarawa, raba kai tsaye: 583. Ga 11, ɗebe ka ƙara bi da bi: 5 − 8 + 3 = 0, saboda haka tana shiga, saura 53.

A ina ake tsayawa? Da zarar mai rabawa sau kansa ya wuce abin da ya rage. Da yake 8 × 8 = 64 ya haura 53, kuma 2, 3, 5 da 7 ba su raba ta, 53 gagara-raba ce, wato ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. A kula da irin su 91 da 221, masu kama da gagara-raba alhali 7 × 13 ne da 13 × 17.

Ke nan 48,972 = 2 × 2 × 3 × 7 × 11 × 53. Ninka su a kalkuleta ka tabbatar kafin ka ci gaba.

Don sanin yawan masu raba ta, ƙara 1 a kan sau nawa kowace gagara-raba ta fito, ka ninka: 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48. Jimlarsu kuwa (1+2+4) × (1+3) × (1+7) × (1+11) × (1+53) = 145,152. Cire lambar kanta, saura 96,180. Tunda saurar ta fi 48,972, lambar mai yalwa ce. Da ta gaza, mai giɓi ce; da ta yi daidai, kammalalliya ce kamar 6 da 28. Wanda ya manta bai cire lambar ba, kowace lamba sama da 1 za ta fito masa mai yalwa.