Kurakuran da ake maimaitawa wajen hasashen tsagewar fallen ƙarfe a kwamfuta

Na gaji da ganin sababbin injiniyoyi suna kawo hoton kwamfuta da ya yi kore shar, alamar babu haɗari, suna rantsuwa cewa fallen ƙarfe ba zai tsage ba, sannan a ɗora shi a injin latsawa ya yage tun a bugun farko. Manhajoji irin su AutoForm da LS-DYNA abin da aka zuba musu shi suke dafawa.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne ɗaukar taswirar iyakar miƙewa (wadda layinta ke nuna iya miƙewar da falle zai jure kafin ya sirance), wadda Keeler da Goodwin suka assasa a shekarun 1960, tamkar hukuncin alƙali. Ana samo layinta ne daga gwaji irin na Nakajima, inda ake miƙe ƙarfe ta hanya guda har ya sirance, don haka idan aikin yana bin mataki biyu ko uku, hanyar miƙewar ta karkace, layin ya tashi daga aiki. Gefen da aka yanke ya fi wannan muni. Na taɓa amincewa da wani sashen mota na ƙarfen DP780, mai haɗin ɓangare mai laushi da mai tauri, saboda duk ɗigogin miƙewarsa a taswirar suna ƙasa da layin, amma da aka buga, tsaga mai kaurin gashi ta fito daga bakin rami, wadda sai da na goga farce a kai na ji ta. Makonni uku muka yi muna gyaran mazubi. Yankan da kansa ya riga ya taurara gefen, ya bar ƙananan raunuka tsakanin ɓangare mai laushi da mai tauri na ƙarfen, taswirar kuwa ba ta san da wannan ba. Tun daga ranar ba na sa hannu a kan irin wannan ƙarfe sai an yi gwajin faɗaɗa rami na ISO 16630, an kuma maimaita shi da wuƙar yankan da za a yi aikin da ita. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne bai taɓa tsayawa gaban tarin kayan da aka watsar ba.

Kuskure na biyu shi ne layin taurarar ƙarfe, wato layin da ke nuna yadda ƙarfe ke ƙara tauri yayin da ake miƙe shi. Amfanin bayanan gwajin ja yana ƙarewa da zarar sirancewa ta fara, ragowar layin kuwa ƙiyasi ne, kuma a cikin hanyoyin ƙiyasin, lissafin Swift yana ci gaba da hawa yayin da na Voce yake kwantawa. Ku daina barin manhaja ta zaɓar muku! Al'adata ita ce in nemi gwajin kumbura ƙarfe da matsin ruwa, idan bai samu ba in gwada lissafin biyu in riƙe mafi munin sakamako.

Wajen hasashen lokacin da falle zai fara miƙewar da ba ta komawa, kada ku yi wa alminiyam amfani da lissafin Hill na 1948. Lissafin Yld2000-2d na Barlat ya fi dacewa da shi. Ku auna halin fallen a kusurwa 0 da 45 da 90 daga hanyar da aka murza shi. Adadin gogayya na 0.15 da mutane ke kwafa a makance yana sauyawa da man da aka shafa da zafin mazubi. Ragar da manhaja ke rarraba fallen da ita, idan mai manyan idanu ce a kan kwana mai kaifi, tana ɓoye sirancewa, saboda haka ku ƙanƙanta ta a wurin, ku sake gudanar da lissafin har sai sakamakon ya daina motsi.