Yadda ake cewa "mu fara wasa" da harshen Malayalam

Malayalam shi ne harshen jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya, kuma masu jin sa sun kai kusan miliyan 35 bisa ƙidayar 2011. Mutanen Kerala mayun ƙwallo ne, musamman a yankin Malappuram inda ake buga gasar 'yan bakwai-bakwai, har da 'yan wasa daga Najeriya. Mutanen Kerala suna da yawa kuma a Saudiyya da Dubai da Katar, don haka ba wuya ka tsinci kanka a fili ɗaya da su.

Jimlar da za ka fara haddacewa ita ce namukku thudangaam (നമുക്ക് തുടങ്ങാം), wato "mu fara". In kana so ka ambaci wasan, ka ce kali thudangaam. In kuwa gayyata ce, ba a riga an shirya ba, sai ka ce namukku kalikkaam, "mu yi wasa".

Duk aikin yana ga wannan -aam ta ƙarshe. Ita ce ke ba da ma'anar "mu yi kaza". Da ka riƙe ta, sauran sun zo da sauƙi: pokaam, mu tafi, nokkaam, mu gani. Ka ja wasalin sosai, ka rufe leɓe a kan m. Wanda ya ce thudangi ya faɗi wani abu dabam, ya ba da labari ne cewa an riga an fara.

Wajen furuci ne ya kamata ka ba da lokaci, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Ka raba thudangaam gida uku. Th ɗin farko ba ta Turanci ba ce, t ce da ake kafa harshe a bayan haƙoran sama. D ɗin tsakiya kada ka mai da ita ɗ. Ka lanƙwasa kan harshe baya ka sake shi da sauri, kusan yadda kake furta r a "ruwa". Sai ng, inda masu koyo suka fi tuntuɓe domin suna fito da g fili. Babu g a ciki. Sautin hanci ne irin na ƙarshen "can" ko "nan", sai dai a riƙe shi ya ɗan daɗe. A namukku, ka nauyaya kk kamar ta "Makka", u ta ƙarshe kuma ka sassauta ta, da ƙyar ake jin ta.

Kali na buƙatar kula ta musamman. L ɗinta (ള) ta lanƙwasasshen harshe ce, kan harshe na taɓa tsakiyar ganɗa. In ka furta ta da l ɗinmu ta yau da kullum, ka koma wata kalma (കലി) mai nufin hasala. Za su gane nufinka daga yanayi, amma gyara tun farko ya fi. Ka maimaita "ruwa" sau biyar, ka tsayar da harshe a inda r ke tashi, ka fitar da l daga nan.

Akwai wani tarko kuma. Hausa na da "mu" guda, Malayalam na da biyu. Nammal ta haɗa da wanda kake wa magana, njangal ta cire shi. Namukku daga ta farkon take. In ka ce njangalkku, ka ware abokin wasanka ke nan, kamar ka ce shi ɗan kallo ne.

Idan da manya a wurin, tambaya ta fi umarni daɗin ji. Ka ce thudangiyaalo?, wato "ko mu fara?", kana ɗaga murya a ƙarshe. Wanda ya girme ka ka kira shi chetta, mace chechi, a cikin Musulmin Malabar, wato arewacin Kerala, kuma za ka ji ana cewa ikka. Eda da samari ke jefa wa juna ta abokai ce na ƙut da ƙut, kada ka yi garajen amfani da ita. Amsar da za ka fi ji ita ce sheri, "to", ko a mayar maka da thudangaam. Mai sanarwa a lasifika shi ne ke cewa kali thudangatte, "bari wasa ya fara", kuma ta yi nauyi a bakin wanda ke zaune gaban allon karam (wani wasan allo na Indiya) ko karta.