Yadda ake hana yashi cin tiyo da bututun ban ruwa

A fadamun Haɗejiya da gonakin Kadawa, yashin da injin ke zuƙowa tare da ruwa yana cikin abubuwan da ke lalata tiyo. Ƙwayarsa ta fi ƙarfen injin tauri, balle roba. Idan ƙwaya ta faɗo wa roba mai laushi kai tsaye, robar takan lotsa ta mayar da ita. Idan kuwa ta gogo ta a karkace, sai ta yanke ɗan ɓarɓashi, kamar yadda magagari ke cin fartanya. Shi ya sa gwiwar bututu ke fara hujewa.

Da farko, ɗaga bakin tiyon zuƙa daga ƙasan ruwa kamar kamu ɗaya. Saka shi cikin kwando, ko ka ɗaure shi jikin jarka marar komai ta riƙe shi a sama. Ragar bakin tana tare tsakuwa da ciyawa ne kawai, yashi wucewa yake yi.

Sai gudun ruwa, nan ne mutane suka fi asara. Idan gudu ya ninka, cin da yashi ke yi yakan ninka sau 4 ko fiye. Bututun inci 3 ya fi na inci 2 sararin da ruwa ke bi sama da ninki biyu, don haka ruwa ɗaya zai bi shi da ƙasa da rabin gudun. Sa mai faɗin, ka kuma daina ƙure wa injin wuta. Amma kada ka sassauta har yashi ya kwanta ya toshe hanya.

Sabuwar rijiyar fadama, bar ta ta zubar a fili har ruwan ya washe kafin ka jona bututu. Tari ruwan a kwalba ka ajiye minti 5. In yashi ya taru a gindi, da saura.

Cikin bututu ta ƙasa yake cinyewa, saboda haka kowace kakar rani ka juya shi rubu'i. Tiyo kuma naɗe shi ake a ɗauka, ba a jan sa a ƙasa. Ajiye shi a inuwa, domin robar da rana ta busar tsagewa take yi. In ka ga ruwa na ɗiga tsakanin injin da famfon da ke tura ruwan, mai yiwuwa yashi ya shiga robar da ke toshe wurin. Canza ta kafin ruwa ya kai ga boris.